Ranar da Na Wanke Injin Barewa

Tun da na lura kowa a layinmu ya zama mai ba da tarihina, daga mai wanki har mai sayen tsofaffin ƙarafa, gara ku ji zancen daga bakin wanda aka zalunta. Ni ba na son yabon kai. Abin da kawai zan ce shi ne, duk unguwar nan babu wanda hula ke zauna wa a ka kamar ni, babu wanda ya kai ni iya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, kuma idan muka jera da ƙanina shi ake fara gaisarwa a matsayin babba. Sana'ata sayar da tabarau, na gani da na ado. Rabin tsofaffin garin nan da kayan shagona suke gane jikokinsu. Ni ma likita ya rubuta mini na karatu, amma a aljihu yake zama, don yana ƙara mini shekarun da ban ci ba. Ku riƙe wannan maganar, a kanta maƙiyana suka gina bene.

Ina da mota, sunanta Barewa. Tsohuwar motar tsere ce, rawaya, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tanti ana naɗe shi baya. Ƙasa-ƙasa take, sai mutum ya durƙusa kamar mai neman gafara kafin ya shiga. Injinta a bayan kujeru yake, inda sauran motoci ke ɗaukar buhu. Ta girmi babbar 'yata, amma idan na goge ta na tsaya kusa da ita, ni da ita duka muna komawa samari. Aibinta ɗaya ne: idan na tayar da ita sai ta ɗan saki farin hayaƙi ta salansa. Ɗan kaɗan ne. Amma saboda hassada 'yan layi suka sa mata suna Maganin Sauro.

Ɗakin kwananta wata rumfar kwano ce a gefen gidanmu, mai daɓen siminti da ƙwan lantarki, bakinta na kallon titi. To wannan rumfa ita ce matata ta daɗe tana kallo da gefen ido. Tela ce, a gida ina kiranta Shugaba don zaman lafiya. Kekunanta na ɗinki sun cinye mana falo, matan da ke mata aiki sun cinye kujeru, ni kuwa ba na zama ko'ina sai na shafa wurin da hannu saboda allura. Kullum maganarta, ga ɗaki mai kyau an ba ƙarfe, mutane na ɗinki a kan gwiwa.

Ana nan sai wata safiya iska ta juya. Na tayar da Barewa, hayaƙin ya bar titi ya bi taga ya shiga falo, inda aka shimfiɗa farin leshin wata mai kawo ɗinki. Leshin bai yi baƙi ba, a faɗi gaskiya, ƙanshin gareji kawai ya ɗauka. Mai shi ta shinshina, ta ce ba ta kawo ɗinki don ta je taro tana wari kamar janareta ba. Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Waya ta ɗauka ta kira yayanta.

Yaya tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne. Shi ya yi ritaya, usur ɗinsa bai yi ba, yana nan rataye a wuyansa, har rabon abinci a gidansa da shi ake yi. Ya zo ya zauna tsakaninmu, ya ji ta bakin kowa, ya yanke cewa ranar Asabar Barewa za ta fita daga rumfa da ƙafarta, ta kai ƙarshen layi ta dawo.

"Idan ta je ta dawo babu hayaƙi," in ji Shugaba, "na bar maganar rumfa har abada. Ni zan riƙa share mata wurin, in ɗinka mata labule."

"Idan kuma ta yi hayaƙi?" in ji Yaya.

Na ce ba za ta yi ba.

"Ba kai na tambaya ba, ƙanina."

Shugaba ta ce to kekunanta su shiga rumfa, Barewa ta kwana a waje kamar sauran awakin layi. Yaya ya busa usur a tsakiyar falona, magana ta ƙulle.

Ban ji tsoro ba, don na san ciwon. Tun da daɗewa wani bakanike ya gaya mini safareta ce ta mutu. Safareta wata 'yar tukunya ce ta baƙar roba mai bakuna, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba. Aikinta ta tace iskar da ke fitowa daga cikin inji, ta mayar da baƙin mai ƙasa, ta bar iska ta wuce. Akwai wata fata a cikinta, idan ta yage sai inji ya riƙa zuƙar mai yana ƙonawa, shi ne hayaƙin. Daga waje ba a gane mai lafiya da marar lafiya. Bakaniken ya ce in kawo motar ya canza. Ni kuwa na ga wani a waya ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe shayinsa bai huce ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure sukurun tabarau, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, noti mai girman ɗan yatsa zai gagare shi? Na sa aka aiko mini da sabuwar safareta, na kuma sanar da duk wanda ya tsaya a shagona cewa daga yau a kira ni Injiniya.

Ranar da aka kawo kwalin ina shago, Shugaba ce ta karɓa, kuma kun san halin mata da kwali, ta buɗe. Da na dawo ta ce kayana sun zo, har da wasu 'yan jajayen murafu aka toshe wa abin baki, kamar maɓallan rigar yara. Na ce mata tela ko gajimare ya gani a sama yadi zai ce. Na ɗauke kwalina na kai rumfa.

Ana gobe Asabar na rufe shago na fito aiki. Na sayi shuɗiyar rigar makanikai, na ba maƙwabcina Mai Wanki ya goge ta ta yi kari. Shi katanga ɗaya ta raba mu, igiyoyin shanyarsa a jikin rumfata suke ƙarewa. Na jera sufanu da filaya a kan benci daga babba zuwa ƙarami, na juye sabuwar safareta daga kwali a ƙarshen bencin ina yi wa jama'a bayani, na fito da kujeru don masu son ƙaruwa da ilimi. Yaya ya zo ya kama guda. Mai Wanki ya jingina da katanga. Mai Ƙarafa, wanda kullum yake tura kurarsa ta ƙofar gidana yana gaida Barewa kafin ya gaishe ni, ya faka kura ya zauna a kanta yana kallon motar kamar yadda mahauci ke kallon saniyar wani.

Na ɗaga Barewa da jak, na cire tayar baya, na kwanta a tabarma na zura hannu. Mutumin waya hannunsa ya shiga ya fita kamar a aljihunsa. Nawa ma ya shiga, a nan muka yi daidai da shi. Wajen fitowa ne zoben azurfata ya saƙale a bayan wani ƙarfe, agogo ya kama wani tiyo, hannu ya ce ya samu gida. Na ja, na murɗa, na yi kamar ina auna wani abu. Yaya ya leƙo ya tambaya ko barci nake, na ce ina sauraron inji ne. Ya ce injin a kashe yake. Na ce shi ya sa ake bukatar natsuwa.

Da hannu ya fara kumbura sai na aika a kira Shugaba a asirce, asirin da duk layi ya ji. Ta zo da 'yar kwalbar man keken ɗinki, ta tsuguna tana ɗiga mini a wuyan hannu.

"Ka gani ko, Injiniya," ta ce a hankali, "tun kafin Asabar kayan ɗinki sun fara aiki a rumfar nan."

Hannu ya fito, zobe ya zauna a ciki. Har yau yana nan wani wuri, idan an girgiza Barewa ana jinsa.

Duk da haka kafin rana ta take na ciro tsohuwar safareta. Maɗaurin tiyo ɗaya ya ƙwace daga filaya ya daki kwano ya faɗo a cinyar Mai Ƙarafa, ya sa a aljihu ya ce an fara biyansa kafin alƙalami. Tsohuwar ta fito daƙau, mai da ƙura sun yi mata ɓawo kamar an tono ta daga kwata. Na ɗaga ta sama kowa ya gani. Sai na tuna mutumin waya ya ce a toshe ramukan inji da tsumma kada noti ya faɗa ciki. Na shiga falo na zaro wani ƙyalle mai laushi daga kwandon Shugaba na cusa. Can sai ga ta ta fito tana neman hannun rigar da take ɗinka wa Yaya. Na zaro shi a gabansa, ya fito baƙi ƙirin, har da ɗinkin ado a bakinsa. Yaya ya daɗe yana kallonsa, ya taɓa usur ya fasa busawa. Daga wannan lokacin na san ba ni da alƙali.

Da a nan na ɗaura sabuwa na rufe, da yanzu wani labarin nake ba ku. Mai Wanki ne ya jawo komai. Ya leƙa cikin injin ya yamutsa fuska, ya ce shi bai san mota ba amma ya san datti, kuma ina amfanin sabon kaya a jikin da bai yi wanka ba. Ya ƙara da cewa ba laifina ba ne, mutumin da ko hankicinsa sai an wanke masa ina zai iya da wannan.

Na ce masa ya tsaya ya ga wankin da ba a koyarwa a gindin famfo.

Na ɗaure wayoyin wuta da leda. Na tura babban baho ƙarƙashin mota. Na kawo kananzir da garin sabulu da wani buroshin haƙori da na tarar a banɗaki, wanda daga baya aka ce ba tsoho ba ne. Na dirji injin nan lungu-lungu, baƙin ruwa na zuba a baho kamar kwalta. Na wanke marufai, na wanke tiyo, na wanke notuna ɗaya-ɗaya. Da hannu ya yi zafi sai na ɗauko tsohuwar safareta ma, don na yi niyyar ajiye ta a gilashin shagona mutane su riƙa ganin abin da na kayar. Na kankare ta, na dirje ta, na shafa mata man goge taya har na ga fuskata a jikinta, na gyara hula. Na ajiye ta a benci kusa da sabuwa, na juya na tambayi Mai Wanki ko yana neman aiki.

Saura ɗauraya. Na jawo tiyon ruwa na ɗora bakinsa a kan benci, na je na murɗa famfo, shiru, an ɗauke ruwa. Na murɗa shi har ƙarshe, na tsaya ina yi wa Yaya bayanin yadda za a gyara harkar ruwa a duniya idan aka ba ni dama. Ina tsakiyar bayani ruwa ya dawo da fushinsa. Tiyo ya miƙe tsaye kamar maciji, ya share benci da wutsiya, ya wanke Yaya daga hula har takalmi, ya bi Mai Ƙarafa zagaye da kurarsa. Na yi tsalle na danne shi da ƙirji muka yi ta birgima a siminti, sai Shugaba ta tako a nutse ta kashe famfo, ta koma ciki.

Da ƙura ta lafa na duba. Sufanu sun watse. Safareta ɗaya ta nutse a bahon baƙin ruwa, kanta kawai ake gani. Ɗaya kuma tana kan tabarma tana sheƙi a rana.

Yanzu ku yi mini adalci. Ga abu biyu iri ɗaya, wannan na ƙyalli, wancan na kwance cikin ƙazanta. Wane mai hankali ne zai tsaya tambayar wacce ce sabuwa? Na tsamo ta bahon da sanda na rataye ta a ƙusa tana ɗiga, na ɗauki mai sheƙi na kwanta ƙarƙashin mota. Shugaba ta leƙo ta taga ta ce in sa tabarau mana tunda wurin da duhu. Na ce mata idon da ya zaɓe ta cikin mata ba ya bukatar taimako. Abin ya zauna daram, tiyo suka shige bakunansa kamar sun san juna shekara da shekaru, ban cire komai ba, ban tura da ƙarfi ba. Na fito na gaya wa jama'a cewa haka aiki yake idan ya haɗu da mai shi.

Ranar Asabar layi ya cika. Ni na gayyaci rabi, sauran rabin labarin tiyo ya kawo su. Na fito cikin fararen kaya, na ɗora baƙin tabarau na ado, na naɗe rufin Barewa baya don kowa ya ga direba. Na buɗe murfin inji mutane suka yi layi suna leƙawa, wata tsohuwa ta ce ya fi tukwanenta haske. Mai Wanki ya cika igiyoyinsa da fararen zannuwan gado na wani masauki, don na rantse masa hayaƙi ya zama tarihi. Yaya ya zo da gajeren wando da agogo biyu.

Kafin in shiga mota na ga ya dace a yi ɗan biki. Na sauko da ƙazamar safaretar nan daga ƙusa, ta bushe ta yi ɓawo, na kira Mai Ƙarafa gaban jama'a.

"Shekara nawa kana zagaya motata," na ce masa. "To ga rabonka. Duk abin da za ka taɓa samu daga jikin Barewa ke nan."

Ya jujjuya ta ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai roba ce. Ni ƙarfe nake saye."

Na ce to ko robar ma a farfashe zai same ta. Na ari gudumarsa, na ajiye abin a bakin titi, na naɗe hannun riga. Duka ɗaya na yi mata ta tarwatse, aka tafa mini. Wani ɗan abu ya yi tsalle ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Shugaba. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge shi da gefen mayafi, ta kalle shi, ta kalle ni, ta yi wani murmushi da rabon da in ga irinsa tun muna saurayi da budurwa. Sai ta leƙa cikin gida ta ce wa matanta su fara naɗe yaduka. Ni na ɗauka ta saduda ne tana shirin ɗinkin labule.

Na durƙusa na shiga. Yaya ya busa usur. Na murɗa makulli, Barewa ta yi tari saboda ruwan jiya, ta sake tari, ta kama. Salansa fes. Na ɗaga hannu ina gaida jama'a dama da hagu, har na fara tsara abin da zan ce idan na dawo.

Sai na ga fuskokin da ke madubi sun fara ɓacewa.

Na miƙe a kujera na yi wa mutane bayani cewa kada kowa ya damu, ragowar man da ya taru a salansa ne yake ƙonewa, mutumin waya ma ya faɗi haka, ana taka totur zai wuce. Na taka. Abin da ya fito ba irin na kullum ba ne, kakansa ne. Ya cika rumfa, ya tumbatsa titi, ya haura katanga ya rungumi zannuwan Mai Wanki ɗaya bayan ɗaya. Ina jin muryarsa daga cikin hayaƙi yana kiran sunan da ba Injiniya ba. Yaya na busa usur yana tari, usur na fita guntu-guntu. Na ce a raina idan na fita fili iska za ta taimake ni, na sa giyar baya na saki kuloci.

Ban san Mai Ƙarafa ya matso da kurarsa bakin rumfa don ya ga da kyau ba. Bambar Barewa ta same ta a tsakiya. Tsofaffin tukwane, kan fanka, ƙafar gado, rabin keke, duk suka tashi sama suka sauko a kan kwano lokaci guda. Wanda ya ji wannan ƙara cikin wannan hayaƙi ba zai ce komai ba sai abin da wata mata ta ce.

"Gobara!"

Layinmu ba a haɗa kai a kan komai, amma ranar nan an haɗa. Bokitai suka fito daga kowane gida. Ina ihu cewa ba wuta ba ce, fasaha ce, bokitin farko ya rufe mini baki. Mai Wanki ya kinkimo bahon da ya fi kusa da shi, na ruwan bula da sitaci, ya juye shi a kaina ta buɗaɗɗen rufi, kuma har gobe ban yarda kuskure ba ne. Wani ya ɗage murfin inji ya ba shi nasa rabon. Barewa ta yi shaƙuwa ta mutu. Maza suka kama ta suka tura ta can gindin bishiyar ƙofar gida don kada ta cinye rumfa, ni ina ciki riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, don ko a wane hali mutum bai kamata ya bar tsarinsa ba.

Da hayaƙi ya washe na fito shuɗi tun daga hula, kaya sun fara sandarewa a jikina. Amma bakina bai jiƙe ba. Na shigar da ƙara nan take: mota ta fita daga rumfa, kowa shaida ne; hayaƙin ragowa ne; kuma 'yan kallo sun shigo fili sun kashe wasa da ruwa, a dokar ƙwallo ma sai a sake. Na ga Yaya ya fara sosa gemu, don duk abin da aka ce doka yana taɓa masa zuciya.

Sai Shugaba ta tako ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan abu ne a ciki, ni dai ja-ja na gani. Ta roƙi Mai Ƙarafa ya tattaro mata gutsattsarin da na fasa, ya kawo a cikin murfin tukunya. Ta sa hannu a aljihun gaban rigata, ta zaro tabarau na karatu, ta cire mini baƙin, ta ɗora mini wannan a hanci a gaban duk layi.

"Duba da kyau, Injiniya. Kayan shagonka ne, ba sa ƙarya."

Na duba. Cikin safaretar da na fasa tas yake kamar sabon kofi, fatarta lafiya lau ko ƙwarzane babu, ga sauran jajayen murafu a toshe a bakunanta ƙarƙashin baƙin datti. Na ɗago kai. Tabarau ne mai kyau, ni na zaɓo shi. Ban taɓa sanin mutanen layinmu na da haƙora da yawa haka ba.

Na gyara murya na ce wannan laifin masu ƙera kaya ne, da suke yin sabuwa kama da tsohuwa don su rikita ƙwararru. Na ce kuma kowa ya shaida, a duk garin nan ni kaɗai na taɓa wanke tsohon kaya har ya yaudari mai shi, wannan ai abin yabo ne. Mai Wanki, da zanin gado mai ruwan toka a kafaɗa, ya ce shi ya sallama, a wanki na fi shi, yanzu sai in zo in nuna gwanintar a kan zannuwan masauki.

Yaya ya matso. Ya karɓi ɗan jan murfin daga hannun ƙanwarsa, ya ja baya, ya tsaya ƙyam, ya ɗaga shi sama a saitin fuskata kamar jan kati, ya busa usur mai tsawo, ya nuna mini titi.

Kafin kayana su gama bushewa kekunan ɗinki sun shiga rumfa. Mazan da suka tura Barewa su suka ɗauki kekunan, ba wanda ya roƙe su.

Yanzu Barewa na gindin bishiya, tsuntsaye na yi mata abin da suka ga dama, ni ina bi da tsumma kowace safiya. Shugaba ba muguwa ba ce, ta ɗinka mata riga da ragowar yaduka kala-kala, madubin gefe kuma ta sa masa hannun rigar Yaya. Jan murfin ta huda shi ta ɗinka mini a wuyan rigar makanikai, ta ce maɓalli ne. Mai Ƙarafa na wucewa yana tambayar Barewa ya kwanan waje. Duk wanda ya tsaya ina buɗe masa murfin inji ya gani, don har yau babu inji mai tsabtarsa a garin nan. Sabuwar safareta kuwa zan sake aikowa da ita idan na ga dama, ba wanda zai sa ni gaggawa.

Amma Allah ba ya barin wanda aka zalunta. Tun da na daina tayar da ita sauro ya dawo layinmu da iyalansa. Shekaranjiya da yamma sai ga Mai Wanki a ƙofata yana sosa wuya, bayansa Yaya yana marin ƙafa, daga rumfa kuma ina jin Shugaba na tafa hannu a iska. Suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe Mai Wanki ya ce ko zan taimaka in ɗan tayar da ita, ko na ɗan lokaci ne, ya riga ya kwashe shanya.

Na gyara hula, na shafa jan maɓallina, na ce musu Barewa ba ta aiki a waje. Idan suna son magani, sun san inda ɗakinta yake.